Dimokuraɗiyya da Rarrabuwar Kai Bayan Zaɓe Mai Taƙaddama: Misali Daga Birnin Tamale na Ƙasar Gana

1.0 Gabatarwa

A tsarin dimokuraɗiyya, zaɓe hanya ce ta raba gardama a kan wanda zai riƙe ragamar mulki ba tare da an zub da jini ba. Sai dai sau da yawa zaɓen kansa shi ke zama sabuwar gardama, musamman idan tazarar ƙuri'u ba ta da yawa, ko kuma wanda aka kayar ya ce an yi masa maguɗi. A irin wannan lokaci ne ake gane ƙarfi ko raunin dimokuraɗiyyar al'umma.

Wannan takarda za ta yi bayanin yadda taƙaddamar zaɓe ke raba kan jama'a, ta hanyar duban abin da ya faru a Tamale, babban birnin Jihar Arewa ta ƙasar Gana. Za a nuna cewa zaɓe bai cika haifar da sabuwar ɓaraka ba, yakan dai tarar da wata tsohuwa ne ya faɗaɗa ta. Za a kuma nuna cewa abin da ke sa wanda ya faɗi ya haƙura shi ne tabbacin da yake da shi cewa gobe ma zai iya samun nasa rabon. Daga ƙarshe za a kwatanta da ƙasar Tailan, inda aka rasa wannan tabbaci.

1.1 Ma'anar Wasu Kalmomi

Akwai kalmomi uku da ya kamata ɗalibi ya bambance su. Ta farko ita ce "takara", wato neman abu guda tsakanin mutane biyu ko fiye bisa ƙa'idar da kowa ya yarda da ita. Ta biyu ita ce "adawa", wato ƙin goyon bayan wanda ke kan mulki da sukar ayyukansa. Wannan halas ce a dimokuraɗiyya, hasali ma ba ta tafiya sai da ita. Ta uku ita ce "gaba", wadda ke nufin ƙiyayyar da ke hana gaisuwa da auratayya da zuwa jana'iza. Rarrabuwar kai da ake magana a nan ita ce rikiɗewar adawa ta zama gaba.

2.0 Birnin Tamale da Mutanensa

Tamale tana cikin ƙasar Dagwamba, wadda masu ita ke kira Dagbon. Sarkin sarakunan Dagwamba, mai laƙabin Yaa-Naa, yana zaune ne a Yendi, gabas da Tamale. Turawan Ingila ne suka ɗaukaka Tamale a shekarar 1907, lokacin da suka mai da ita hedikwatar yankunan arewa na ƙasar da suke kira Gwalkwas. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa ƙaramar hukumar birnin kaɗai tana da fiye da mutum 370,000, ban da maƙwabciyarta Sagnarigu wadda gari ya riga ya haɗe da ita.

Alaƙar wannan ƙasa da ƙasar Hausa daɗaɗɗiya ce. Tarihin baka na Dagwamba yana cewa kakansu Tohazie, wato jan maharbi, daga wajejen Zamfara ya fito. Haka kuma hanyar fataucin goro zuwa Gwanja ta ratsa ta Yendi kafin ta isa Salaga, kuma a kan wannan hanya fatake da malamai Hausawa suka kafa zangonni. Don haka ake jin Hausa a kasuwannin Tamale tare da harshen Dagbani, kuma mafi yawan mazauna birnin Musulmi ne.

3.0 Tsohuwar Ɓaraka: Gidan Abudu da Gidan Andani

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da siyasar jam'iyyu ta samu a Dagwamba ita ce rigimar sarauta. A ƙarni na 19 an yi wani Yaa-Naa mai suna Yakubu na ɗaya. 'Ya'yansa biyu, Abdulai da Andani, waɗanda ba uwarsu ɗaya ba, sun yi sarauta ɗaya bayan ɗaya. Daga gare su aka sami gidajen sarauta biyu, gidan Abudu da gidan Andani, suka riƙa yin karɓa-karɓa.

Akwai wata ƙa'ida a al'adar Dagwamba da ta sa wannan karɓa-karɓa ta zama batun rai da mutuwa: ba a naɗa mutum Yaa-Naa sai mahaifinsa ya taɓa hawa wannan sarauta. Ke nan idan aka tsallake gida ɗaya har 'ya'yan sarkinsu na ƙarshe suka ƙare, to gidan ya fita daga sarauta har abada. A shekarar 1948 aka kafa sabon kwamitin zaɓen sarki a maimakon tsofaffin masu zaɓe na gargajiya. A 1954 kuwa aka naɗa Abdulai na uku, ɗan gidan Abudu, ya gaji mahaifinsa wanda shi ma ɗan gidan Abudu ne. Gidan Andani suka ga an rufe masu ƙofa.

A daidai wannan shekara ta 1954 aka kafa jam'iyyar mutanen arewa ta Gwalkwas, ƙarƙashin jagorancin irin su S. D. Dombo da Mumuni Bawumia da Yakubu Tali, domin kare muradun arewa a gaban jam'iyyar CPP ta Kwame Nkrumah. A 1957 wannan jam'iyya ta narke cikin haɗakar 'yan adawa ta UP, wadda jam'iyyar NPP ta yau ke ɗauka a matsayin tushenta. Tun daga lokacin kowane gidan sarauta ya shiga neman majingina a Akra. Gwamnatin Nkrumah ta fitar da doka a 1960 wadda ta tabbatar da karɓa-karɓa. Bayan an hamɓarar da shi a 1966, iska ta juya. A watan Satumba na 1969 aka naɗa Mahamadu Abdulai na huɗu daga gidan Abudu, bayan jami'an tsaro sun buɗe wuta a kan 'yan gidan Andani a fadar Yendi, inda mutane da dama suka rasu. Da Janar Acheampong ya kifar da gwamnatin Busia a 1972, sai ya kafa kwamitin Ollennu, wanda sakamakonsa ya sa aka tuɓe Mahamadu Abdulai aka naɗa Yakubu Andani na biyu a 1974.

Darasin da jama'a suka ɗauka daga waɗannan shekaru shi ne, duk lokacin da mulki ya canja hannu a Akra, sarauta ma na iya canja hannu a Yendi. Sannu a hankali aka riƙa danganta gidan Abudu da zuriyar jam'iyyar UP, wato NPP, gidan Andani kuma da CPP, daga baya da NDC ta Jerry Rawlings. Wannan rabo ba ya rasa togaciya, domin akwai 'yan Andani a NPP, akwai kuma 'yan Abudu a NDC, amma haka akasarin mutane suka ɗauki al'amarin. Har ila yau saɓanin da ke tsakanin 'yan ɗariƙar Tijjaniyya da almajiran Afa Ajura, wanda ya kafa makarantar Anbariyya a Tamale, ya bi kusan wannan layi. Ta haka aka wayi gari ana iya yi wa mutum hasashen jam'iyyarsa daga unguwarsu ko masallacin da yake salla.

4.0 Dokar Zaɓe a Jamhuriya ta Huɗu

Tsarin mulkin Gana na 1992 ya tanadi cewa ba a zama shugaban ƙasa sai an sami fiye da rabin ƙuri'un da aka jefa. Idan ba wanda ya samu, a je zagaye na biyu cikin kwana 21. Wanda bai gamsu da sakamako ba yana da kwana 21 ya kai ƙara Kotun Ƙoli. Tsarin mulkin ya haramta kafa jam'iyya bisa ƙabila ko addini ko yanki, ya hana sarakuna shiga siyasar jam'iyya, ya kuma hana majalisa yin dokar da za ta ba gwamnati ikon amincewa da sarki ko tuɓe shi.

Amma akwai wani gefe na tsarin da ke ƙara wa zaɓe zafi. Shugaban ƙasa shi ke naɗa ministocin jihohi da shugabannin dukkan ƙananan hukumomi. Wato wanda ya ci zaɓe da kashi 50 da ɗoriya ya kwashe komai, wanda ya sami kashi 49 kuwa ya tashi a tutar babu. A gari irin Tamale, inda matasa marasa aikin yi ke da yawa, faɗuwar jam'iyya na nufin rasa kwangila da guraben aiki da kuɗin shiga na tashoshin mota. Wannan ne ya sa aka sami ƙungiyoyin matasa masu kare jam'iyyu da ƙarfin tuwo, kamar Yaran Azorka na ɓangaren NDC da Yaran Kandahar na ɓangaren NPP, kowace da rumfarta da aka shafe da launin jam'iyya.

5.0 Shekarun Zaman Ɗar-ɗar: 2002 Zuwa 2011

A zaɓen 2000 John Kufuor na NPP ya yi nasara, Alhaji Aliu Mahama, wanda Badagwambe ne, ya zama mataimakinsa. Gidan Abudu suka ga lokacinsu ya yi na neman abin da suka daɗe suna nema, wato a yi wa Mahamadu Abdulai, wanda ya rasu a 1988, bikin makoki irin na sarki a cikin fadar Gbewaa. A watan Maris na 2002 gardama ta ɓarke a Yendi a kan bikin wuta na Bugum. Bayan kwana uku ana ba-ta-kashi, ranar 27 ga wata aka kashe Yaa-Naa Yakubu Andani na biyu tare da gomman mutanensa, aka ƙona fada. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci da ta hana fita da dare, wadda ba a ɗage ta gaba ɗaya ba sai a 2004. Ministan cikin gida, wanda shi ne ɗan majalisar Yendi, ya ajiye aiki, haka ma ministan Jihar Arewa.

Daga wannan rana duk zaɓen da aka yi a Tamale ya ɗauki wata ma'ana ta daban. Ga ɗan gidan Andani, ƙuri'a hanya ce ta neman haƙƙin jinin sarki. Ga ɗan gidan Abudu, hanya ce ta kare kai daga ramuwar gayya. A watan Disamba na 2004, kwanaki kaɗan bayan zaɓe, shugaban CPP na Jihar Arewa, Alhaji Issa Mobilla, ya rasu a hannun soja a barikin Kamina da ke Tamale. Shekaru bayan haka kotu ta yanke wa wasu sojoji hukunci a kan mutuwarsa. Gabanin zaɓen 2008 an yi harbe-harbe a Tamale, an kuma rasa rayuka da gidaje a Gushegu.

Zaɓen 2008 shi ne mafi kusa a tarihin ƙasar. A zagayen farko Nana Akufo-Addo na NPP ya sami kashi 49.13, John Atta Mills na NDC kashi 47.92. Zagaye na biyu bai raba gardama ba sai da aka jira mazaɓar Tain ta jefa ƙuri'a ranar 2 ga Janairu, 2009. Mills ya ci da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 41,000 ba cikin kusan miliyan 9. NDC ta yi alkawarin gurfanar da waɗanda suka kashe Yaa-Naa. A watan Maris na 2011 kotu a Akra ta sallami mutum 15 da aka tuhuma saboda rashin isasshiyar shaida. Abin lura shi ne, matasan da suka fusata a Tamale ofisoshin jam'iyyarsu ta NDC suka far wa. Wannan ya nuna cewa biyayyarsu ga gidan sarauta ta riga biyayyarsu ga jam'iyya.

6.0 Shari'ar Zaɓen 2012

Shugaba Mills ya rasu a watan Yuli na 2012, mataimakinsa John Dramani Mahama, Bagwanje ɗan garin Bole, ya gaje shi. A zaɓen Disamba hukumar zaɓe ƙarƙashin Kwadwo Afari-Gyan ta ce Mahama ya sami kashi 50.70, Akufo-Addo kashi 47.74. NPP ta ƙi amincewa. Ranar 28 ga Disamba, Akufo-Addo da abokin takararsa Mahamudu Bawumia da shugaban jam'iyya Jake Obetsebi-Lamptey suka shigar da ƙara a Kotun Ƙoli. Sun ƙalubalanci sakamakon rumfunan zaɓe fiye da 10,000, bisa zargin cewa a wasu wurare ƙuri'u sun fi masu jefawa yawa, a wasu an jefa ba tare da na'ura ta tantance yatsa ba, a wasu kuma jami'in rumfa bai sa hannu a takardar sakamako ba.

Wannan shari'a ta shafi Tamale ta fuska biyu. Da farko, wanda ake ƙara ɗan arewa ne da birnin ya zaɓa da gagarumin rinjaye. Na biyu, babban mai ba da shaida na masu ƙara, wato Bawumia, haifaffen Tamale ne, kuma ɗa ne ga Mumuni Bawumia da aka ambata a baya. Saboda haka ba a iya mai da shari'ar faɗan kudu da arewa ba.

Alƙalai tara suka saurari ƙarar, Mai Shari'a William Atuguba na shugabanta. An watsa zaman kai tsaye a talabijin da rediyo. Wata da watanni mutane suna sauraro a rumfunan hira da shagunan ɗinki da teburin mai shayi. Wannan ya rage ƙarfin jita-jita, domin kowa ya ji hujjar abokin hamayyarsa da kunnensa. Kotun ta kuma ɗaure wasu masu sharhi na 'yan kwanaki saboda raina kotu, ba tare da duban jam'iyyarsu ba, lamarin da ya sa aka rage zafin baki a gidajen rediyo. A gefe guda Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa, wadda doka ta kafa a 2011, tare da limamai da fastoci da sarakuna, suka yi ta jan kunnen matasa.

Ranar 29 ga Agusta, 2013, kotu ta yanke hukunci. Ta yi watsi da wasu zarge-zargen da baki ɗaya, wasu kuma da rinjayen alƙalai, ta tabbatar da zaɓen Mahama. A ranar Akufo-Addo ya bayyana cewa bai yarda da hukuncin ba amma ya karɓe shi, ya kuma kira Mahama ya taya shi murna. Tamale ta kwana lafiya. A 2016 Akufo-Addo ya sake tsayawa ya ci da kusan kashi 54, Mahama ya miƙa mulki.

7.0 Sulhun Dagwamba da Zaɓukan Baya

Tun bayan kisan 2002 aka ɗora wa manyan sarakuna uku aikin sasanta gidajen biyu: Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu na biyu, da Nayiri na Mamprusi, da Yagbonwura na Gwanja. An binne Yakubu Andani a 2006, amma sulhu bai kammala ba sai bayan shekara 12. A watan Disamba na 2018 aka buɗe wa gidan Abudu fada suka yi makokin Mahamadu Abdulai, a Janairu na 2019 gidan Andani suka yi na Yakubu Andani. A wannan wata aka naɗa Yaa-Naa Abukari na biyu daga gidan Andani. Aka ba ɗan Yakubu Andani sarautar Savelugu, ɗan Mahamadu Abdulai kuma sarautar Mion, waɗanda duka biyu matakai ne na hawa sarautar Yendi. Ma'anar wannan ita ce an sake buɗe wa kowane gida ƙofa. Kuma da yake a zamanin gwamnatin NPP aka naɗa ɗan Andani, tsohon lissafin da ke cewa kowace jam'iyya da gidanta ya yi rauni.

Wannan bai kawo ƙarshen taƙaddamar zaɓe ba. A 2020 hukumar zaɓe ta ba Akufo-Addo kashi 51 da ɗoriya, Mahama kashi 47. Magoya bayan NDC sun yi zanga-zanga a garuruwa da dama har da Tamale, an kuma rasa rayuka a wasu mazaɓu. A majalisa kowace jam'iyya ta sami kujera 137, da ɗan takara mai zaman kansa guda. A wannan karon Mahama ne ya je Kotun Ƙoli, alƙalai bakwai suka kori ƙararsa ranar 4 ga Maris, 2021. Shi ma ya soki hukuncin, bai kuwa kira jama'a kan titi ba. A 2024 'yan arewa biyu suka kara, Mahama da Bawumia. An kashe mutum guda a Nyankpala kusa da Tamale a ranar zaɓe. Washegari, tun kafin hukuma ta bayyana sakamako, Bawumia ya amince da shan kaye. Mahama ya ci da kashi 56 da ɗoriya.

8.0 Kwatanci da Ƙasar Tailan

Tailan, a kudu maso gabashin Asiya, ta fuskanci irin wannan jarrabawa amma ta bi wata hanya. Jam'iyyar Thaksin Shinawatra ta ci zaɓe a 2001 da 2005 da ƙuri'un manoman arewa da arewa maso gabas. Masu adawa da shi, akasari mazauna Bankok da kudu da na kusa da fada da soja, suka sa riguna masu ruwan ɗorawa, magoya bayansa kuma jajaye. 'Yan adawa sun ƙaurace wa zaɓen Afrilu na 2006, kotu ta soke shi, soja suka yi juyin mulki a Satumba. Magoya bayan Thaksin suka sake ci a 2007, kotu ta rushe jam'iyyarsu a 2008. A 2010 kimanin mutum 90 suka mutu a zanga-zangar masu jajayen riguna. Ƙanwarsa Yingluck ta ci a 2011, aka soke zaɓen Fabrairu na 2014, soja suka sake karɓar mulki a watan Mayu. A 2023 jam'iyyar matasa ta Pita Limjaroenrat ta zo ta ɗaya da kujera 151 cikin 500, amma dattawa 250 da soja suka naɗa suka tare masa hanyar zama firayim minista, kotu kuma ta rushe jam'iyyar a 2024.

Bambancin a fili yake. A ƙasashen biyu an je kotu. A Gana kotu ta duba ƙuri'u ta tabbatar da abin da ta gani, wanda ya faɗi kuma ya dawo ya ci bayan shekara huɗu. A Tailan kuwa masu zaɓe sun ga cewa ko sun ci ba lalle ne su yi mulki ba. Halin da suka shiga ya fi kama da na gidan Andani a 1954, ko na gidan Abudu bayan 1974.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da abubuwa uku. Na ɗaya, zafin rikicin bayan zaɓe yana daidai da girman abin da mutane ke ganin za su rasa. A Tamale an ɗora sarauta da jinin sarki da abincin yau da gobe a kan ƙuri'a guda. Na biyu, kotu na kashe wuta ne idan ta yi aikinta a bainar jama'a, kuma jagoran da aka kayar ya faɗa wa mabiyansa da bakinsa cewa magana ta ƙare. Na uku, kuma mafi muhimmanci, haƙuri yana da sauƙi ga wanda ya san ba a rufe masa ƙofa ba. Mulki ya canja hannu tsakanin NDC da NPP a 2000 da 2008 da 2016 da 2024, har jama'a suka gaskata cewa duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Sauran aiki yana nan. Har yanzu ba a hukunta kowa a kan kisan Yaa-Naa Yakubu Andani ba. Dokar 2019 da ta haramta ƙungiyoyin 'yan bangar siyasa ba ta samar wa matasan aikin yi ba, kuma tsarin da ke ba mai nasara komai bai canja ba. Duk da haka akwai alamar cewa gaba na komawa adawa. A watan Agusta na 2025, lokacin da ɗan majalisar Tamale ta Tsakiya, Ibrahim Murtala Muhammed na NDC, ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu, jam'iyyar NPP ta sanar cewa ba za ta tsayar da ɗan takara a zaɓen cike gurbinsa ba, domin girmama mamacin.